Ambulan Biyu a Bayan Labule

Wata Asabar cikin watan Maris na 2015, da ƙarfe huɗu na yamma, muna zaune mu uku a ɗan ofishin da ke jikin ɗakin gwaji na wata jami'a a Giza: ni, da Nura, da Kabiru. Su biyun ɗalibai ne daga arewacin Najeriya. Nura ɗan Zariya ne, yana karatun Fiƙihu, Kabiru kuma ɗan Gusau, yana karatun Larabci. An turo su ne in koya musu aikina kafin in ajiye shi in koma gida. Na baje kayan aiki a kan tebur. Kabiru ya ɗauki tsinken auduga ɗaya a cikin ledarsa, ya jujjuya shi.

"Malam Sabi'u, wai duk aikin ke nan? A goga a kumatu, a jefa a ambulan? Ai ko kakata za ta iya."

Nura ya ce, "Kakar taka da ba ta gani?"

"Shi ne na ce maka ko ita."

Na ce su kashe wayoyinsu. Abin da na gaya musu a ranar shi nake rubutawa a nan, ban ƙara ba, sai ɗan gyaran jimla.

Kafin wannan aiki, na yi shekara goma sha tara ina fassara labarai ina karanta su a sashen Hausa na wani gidan rediyo a nan Alƙahira. A 2011 kwantiragina ya ƙare, ba a sabunta ba. Sai wani abokina ya haɗa ni da Duktura Samiya, malama a fannin ƙwayoyin gado, wadda ke neman mai jin Hausa da Larabci, wanda dattawa za su yarda su zauna da shi. Furfurata ce ta samar mini aikin, ba ilimi ba.

Binciken nata a kan asalin uba ne. Akwai wata ƙwayar gado da namiji kaɗai ke da ita, masana suna kiranta Y. Uba ne ke ba ɗansa ita, ɗan ya ba nasa ɗan, kuma da wuya ta canza. Duktura tana son ta ga yadda layukan wannan ƙwaya suka watsu a tsakanin Larabawa, da Barbar na arewacin Afirka, ba Barebarin Borno ba, da kuma Abzinawa, waɗanda mu Hausawa muka fi kira Buzaye. Na'ura ce ke karanta ƙwayar. Nawa aikin shi ne in je wurin mutum, in yi masa bayani, ya sa hannu a takardar yarda, in cika fom, in gogo ɗan yawu daga cikin kumatunsa, in kawo.

Wata uku na yi ina koyo kafin ta bar ni in fita ni kaɗai. Makon farko gaba ɗaya lamba kawai ta sa ni rubutawa a jikin ambulan da kwalabe marasa komai. Samfurin farko da na ɗauka daga maigadin ginin ne, da safe, bayan ya karya. Bayan kwana biyu ta kira ni, ta ce, "Ustaz, na gwada mutuminka. Asalinsa wake ne." Daga ranar na san ba a ɗauka sai mutum ya yi rabin awa bai ci ba, bai sha ba, sannan ya kurkure baki. Ana goga sau goma a kowane ɓari. Ana barin audugar ta sha iska minti biyu ko uku kafin a rufe, domin in aka rufe ta da danshi a zafin Masar, fumfuna ce za ta riga ka isa ɗakin gwaji. Tsinke biyu kowane mutum ke bayarwa, ɗaya na aiki, ɗaya na ajiya.

Akwai abubuwa biyu da take maimaita mini har na gaji da ji. Kada tsinke ya ɓace wa idona tun daga bakin mutum har cikin ambulan. Kada kuma in ɗauki mutum biyu da suka haɗa uba ko kakan wajen uba. Na tambaye ta dalilin na biyun. Ta ce layinsu ɗaya ne, maimaici ne kawai. Sannan ta ƙara da cewa, "In kuma bai zo ɗaya ba, ba ma son mu sani."

Mutanen da na yi hulɗa da su iri-iri ne. Wani dattijo mai sayar da dabino daga Siwa ya sa na rantse masa cewa ba za a haɗa yawunsa da komai ba. Wani Bahaushen Sudan a unguwar Ard al-Liwa ya ba ni baki da fara'a, sannan ya ce in tabbata takardar ta fito da cewa shi sharifi ne, don kakansa ya faɗa. Na ce masa na'urar ba ta san sharifi ba, ba ta san ƙabila ba, ba ta jin yare. Harafi kawai take bayarwa, na babban reshen da mutum ya fito. Ya ce, "To ku canza na'ura." Wasu kuma ba gwajin suke tsoro ba, fom ɗin suke tsoro. A waɗannan shekaru, baƙo mai yawo da kular ajiye samfuri da takardu yana tambayar sunayen mutane, ba ya rasa masu binsa da ido. Sau biyu matasan unguwa suna tare ni su buɗe kular. Wasiƙar jami'a ba ta rabuwa da aljihun gabana.

Aikin da nake son ku ji na watan Afrilu ne, 2013, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a hawa na huɗu na wani gida a Ard al-Liwa. Mai gidan sunansa Agali, Ba'abzine daga wajen Agadas, ya haura hamsin. Ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota a Libiya, yaƙi ya koro shi Masar. Shi da kansa ya neme ni, ya ce ya tara mini mutum bakwai. Samun mutanen Sahara bakwai a ɗaki ɗaya a Alƙahira ba ƙaramin abu ba ne, don haka ban tambayi abin da ya sa ya damu haka ba.

Ba a magana a gidan Ba'abzine sai an sha shayi, kuma zagaye uku ne. Na zauna ina kallon agogo. Da aka gama na uku, sai da muka ƙara rabin awa don baki ya wanke. A wannan lokaci na yi musu bayanin aikin da muryar da na saba karanta labarai: uba ke ba ɗa, ba ta canzawa. Kowa ya gyaɗa kai. Ƙarfe huɗu ta wuce, kuma ranar Juma'a ce, a lokacin ba ka da tabbacin wace hanya za a rufe saboda zanga-zanga kafin magariba.

Huɗu daga cikinsu matasa ne masu wando da riga, babu rawani. Na gama da su cikin minti ashirin. Saura uku masu rawani da amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci: Agali, da wani mai suna Sidi, mai kimanin shekara talatin da biyar, maigadi a wani gida a unguwar Zamalek, da abokinsa Hamadi, Balaraben Nijar da ya tashi a cikin Abzinawa.

Na fara da fom. Sunan mahaifi? Agali ya ce, "Ya rasu, Allah ya jiƙansa." Bai ƙara ba. Na san al'adarsu, ba sa ambaton sunan mamaci, balle na uba. Na rubuta "marigayi". Sidi ma haka ya amsa, a hankali, daga bakin ƙofa inda yake zaune. Zuriya? Agali ya faɗi ɗaya, Sidi ya faɗi wata daban. Wurin haihuwa? Agali wani ƙauye a cikin duwatsu, Sidi cikin garin Agadas. Na saba kafin in buɗe tsinke in ɗaga murya in tambaya ko akwai masu uba ɗaya ko kaka ɗaya a ɗakin. Ranar ban tambaya ba. Fom ya nuna zuriya daban, gari daban, ga agogo. Na kuma lura Sidi ba ya haɗa ido da Agali, kofin shayinsa ma ta ƙarƙashin amawali yake turawa. Na ɗauka ladabin ƙarami ne ga mai gida.

Agali ya fita da ni baranda, ya juya wa ɗakin baya, ya sauke amawalinsa, na ɗauka da hannuna. Lamba 41. Da na dawo wurin Sidi, sai ya sunkuyar da kai.

"Malam, ba zan iya buɗe baki a gabanka ba. Kai sa'an babanmu ne."

"Minti ɗaya ne, Sidi. Likita ma ai kana buɗe masa."

"Likita ba ya shan shayi da Agali."

Hamadi ya ce shi ma haka. A wurinsu, sauke amawali a gaban babba kamar tuɓe wando ne. Na duba agogo, na dubi labulen kicin. Na miƙa wa Sidi ambulan 42, Hamadi 43, kowa da tsinkensa biyu, na nuna musu yadda ake yi a kan kumatuna, na ce su bar audugar ta bushe kafin su rufe. Suka shiga, suka saki labule. Ina jin dariyarsu. Bayan minti biyar Hamadi ya fito riƙe da ambulan biyun, a liƙe.

"Ina kuka ajiye su suka bushe?"

"A kofi, Malam. Tsaye, kamar yadda ka ce."

"Kofi nawa?"

"Ɗaya ne mai tsabta. Kada ka damu, nawa na dama, nasa na hagu."

Abin da ya kamata in yi shi ne in yaga su in sake. Ba ni da sauran tsinke a jaka, kuma na san ba zan sake haɗa su wuri ɗaya da sauƙi ba. Na sa su a kula. Ban gaya wa Duktura ba.

Sakamako ya fito a ƙarshen Yuni. Lamba 41 harafin E, reshen da ya yawaita a tsakanin Barbar da Abzinawa. Lamba 42, Sidi, harafin J, wanda aka fi samu a wajen Larabawa. Lamba 43, Hamadi Balarabe, harafin E. Na daɗe ina kallon layukan biyu a littafin rajista. Na tambayi Duktura ko ba ta ga wani abu ba. Ta ce babu. Mutanen Sahara sun yi ɗaruruwan shekaru suna cuɗanya, akwai Larabawa masu E da yawa, akwai Abzinawa masu J. "Shi ne ma abin da muke bincike a kai, Ustaz." Na rufe littafin.

Duk wanda ya nemi sakamakonsa ana ba shi 'yar takarda mai harafinsa. Cikin azumi, da la'asar, na kai wa mutanen Ard al-Liwa nasu. Agali kaɗai na samu. Na ba shi tasa, na yi masa bayanin E. Ya sa na maimaita sau biyu, ya naɗe ta ya sa a aljihu.

"To ina ta ƙanena?"

"Wane ne ƙanenka?"

"Sidi mana."

"Ƙanenka na gari ɗaya?"

"Na uba ɗaya, Malam. Mahaifinmu ya rabu da uwata, ya koma Agadas ya auri tasa."

Na ce ai zuriyar da suka faɗa mini daban-daban ce. Ya yi dariya, ya ce a wajensu ɗa dangin uwarsa yake bi. Na tambaye su zuriya, kowa ya faɗi ta uwarsa. Na san da wannan al'ada, na ma taɓa karanta ta a wani shiri na rediyo. Ranar ne dai ba ta zo mini ba.

Sannan ya matso, ya rage murya, ya faɗa mini abin da ya sa ya neme ni. An haifi Sidi ne bayan mahaifinsu ya dawo daga wata doguwar tafiya, wasu 'yan uwa suka yi ta lissafin watanni. Mahaifin ya yanka rago, ya raɗa suna, ya ce duk wanda ya sake magana ba shi ba shi. Aka yi shiru shekara talatin. Da ya rasu, maganar ta dawo. Uwar Sidi tana nan da rai a Agadas, ta tsufa, ta daina zuwa suna da biki, domin in ta shiga mata kan yi shiru.

"Tun kafin in neme ka aka gaya mini kana cewa uba ke ba ɗa, ba ta canzawa. Da na ji haka na ce to ga abin da zai rufe bakin mutane. In tawa da tasa suka zo ɗaya, in aika gida, khalas, shi ke nan."

Takardar Sidi tana cikin jakata, a kan cinyata. Na ce masa ba ta fito ba tukuna. A shekara huɗu na aikin nan, wannan ce ƙarya ta farko da na yi wa wanda ya ba ni bakinsa.

Hamadi kuwa ya bar Masar tun watan Mayu, an ce ya nufi Aljeriya, wayarsa a kashe.

Washegari da safe na tsaya a gaban teburin Duktura na faɗa mata komai: tambayar da ban yi ba, labulen, kofin. Ta cire tabarau.

"Wa ya riƙe tsinken?"

"Su."

"Kai kana ina?"

"A falo."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki biro ta zana mini a takarda. Abu biyu ne. Ko an yi musanya a cikin kofi, J na Hamadi ne, E na Sidi, kuma babu wata matsala. Ko ba a yi ba, kuma masu lissafin watanni sun yi daidai. Akwai gwaji na biyu, mai zurfi, wanda ke bambance gida da gida a cikin reshe ɗaya. In aka gwada 41 da 43 suka zo kamar wa da ƙane, an yi musanya ke nan, ba sai an sake taɓa kowa ba. Sai dai maganin wannan gwaji ya ƙare, daga waje ake kawo shi, ana sa ran zuwansa cikin Agusta.

"Ka jira, Ustaz. Kada ka faɗa wa kowa komai."

Sidi ya samu lambata. Kowace Alhamis bayan azahar, lokacin da yake sauka daga gadi, sai ya kira. Ba ya tambaya kai tsaye. "Malam, ya aiki? Ya iyali? Ba wani labari?" In ce babu tukuna. Ya ce, "Tamam, Allah ya kai mu." Alhamis biyar muka yi haka. Ta shida ya ƙara da cewa tsohuwarsa ta sa an kira shi, tana tambaya wai da gaske ne akwai wata takarda.

Tsakiyar Agusta gari ya rikice. Aka sa dokar hana fita, aka rufe hanyoyin da ke kewaye da jami'a. Kwana tara babu wanda ya shiga ɗakin gwaji. Dama shekarar ana yawan ɗauke wuta, muna dogara da janareta. Man janaretan ya ƙare, babu mai zubawa. Ranar da muka samu shiga, da ƙarfe goma na safe, ni da Duktura, wari ne ya fara tarbar mu, sai ruwa a ƙasa. Ƙanƙarar firiza ta narke ta cika tire. Kwalaben wannan shekara lambarsu a 'yar takarda mai gam take, don alƙalamin da ba ya gogewa ya ƙare mana tun Fabrairu, muka ce za mu saya. Takardun duk sun saki, suna yawo a kan ruwa. Kwalabe sama da ɗari, kowace kamar 'yar uwarta. Ambulan na ajiya suna aljihun ƙasa na firizar, sun jiƙe, sun yi baƙi da fumfuna. Na tsinci lamba 43 manne a jikin ƙofar firizar.

Aikin wata biyar ya tafi. Na ce wa Nura da Kabiru, shi ya sa yau ake rubuta lamba a jikin kwalba da kan murfi, da alƙalami, sau biyu. Maganin gwajin ya iso bayan mako uku, babu abin da za a gwada da shi.

Duktura ta buɗe rajista. Sakamakon da aka riga aka rubuta yana nan, ta ce 41 ya tsaya. Ta ja layi a kan 42 da 43. Ta miƙo mini biro in rubuta dalili. A gaban 43 na rubuta cewa tsinke ya ɓace wa idon mai ɗauka. A gaban 42 na rubuta haka, na ƙara da cewa ɗan'uwan 41 ne, uba ɗaya. Na tambaye ta ko in sake ɗaukar Sidi.

"Ba a nan ba. Mu tarihin jama'a muke nema, ba mu raba ɗa da uba. Akwai masu yin wannan a gari, ka san su. In ka kai shi can, kai ka kai shi." Ta mayar da tabarau. "Ma'alish, Ustaz, ka yi haƙuri. Amma kai za ka gaya masa."

Wata Alhamis cikin Satumba, da ƙarfe biyu, na je Zamalek ban jira kiransa ba. Na sanar da shi tun da safe cewa ina zuwa. Na same shi a 'yar rumfar gadi a ƙofar gidan da yake aiki, ƙarƙashin wata bishiya. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, shi ya tsuguna. Na faɗa masa cewa na yi kuskure ranar da na bar su suka shiga bayan labule, cewa tsinkensa da na Hamadi sun zauna a kofi ɗaya, cewa firiza ta lalace, an soke samfurinsa.

Ya saurara har na gama. Ya dubi titi hagu da dama. Sannan ya sa yatsa biyu ya sauke amawalinsa har ƙasan haɓa. Ranar na fara ganin bakinsa. Yana da wushirya, gemunsa ya fara furfura.

"Ga shi, Malam. Tun da ka kira ban sha shayi ba. Na san ƙa'ida."

Akwai tsinke shida a jakata, tun bayan Afrilu ba na fita babu ƙari. Wurin da ake irin wannan gwaji bai fi tafiyar minti ashirin a tasi ba. Cikin mako biyu za a san amsa, kuma amsar ba ta sokuwa. In ta zo daidai, tsohuwa za ta koma shiga mutane. In ba ta zo ba, takarda ce mai hatimi za ta isa Agadas, ko Sidi ya ɓoye ta ya zauna da ita shi kaɗai, Agali yana tambayarsa kullum. Ban san wanne ba ne. Ban buɗe jakar ba.

"Mayar da amawalinka, Sidi. Ba zan ɗauka ba."

"Saboda me?"

"Ƙa'idarmu mutum ɗaya ne daga kowane uba. An riga an ɗauki Agali. Tun farko bai kamata in ba ka tsinke ba."

Bai mayar ba tukuna. Ya ce, "Wato a wurinku ni da shi uba ɗaya ne."

"Haka na rubuta a rajista."

"Malam, ka ga wani abu?"

"Na ga ambulan biyu da ban san wanda ya cika kowanne ba. Abin da na gani ke nan."

Wata mota ta tsaya, ya tashi ya buɗe ƙofar gidan da bakinsa a buɗe, direban har ya waiwayo. Da ya dawo ya ja amawalin ya rufe.

"To rubuta mini abin da ka rubuta a rajistar."

Na yago takarda daga littafina. Na rubuta da Larabci, na maimaita da Hausa a ƙasa: an soke samfurin Sidi daga bincike, domin ƙa'ida ta hana a haɗa 'ya'yan uba ɗaya su biyu, kuma an riga an ɗauki yayansa Agali. Na sa sunana, babu hatimi. Dalilan sokewar biyu ne, na rubuta ɗaya. Ya sa na karanta masa, ya naɗe ta ƙarama ya tura cikin rawaninsa. Bai yi godiya ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Ya raka ni har bakin titi ya tsayar mini da tasi. Takardarsa ta asali, mai harafin J, na yaga ta a ofis a gaban Duktura.

Da na kai nan, Kabiru ya riga ya mayar da tsinken kan tebur. Nura ya ce, "A Fiƙihu ai ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne, Malam. Ba ka yi laifi ba."

Na ce ba hukunci na tambaye shi ba. Laifin an yi shi tun Afrilu, a falo.

Kabiru ya ce, "Amma kai a ganinka, da ka sake ɗauka, me zai fito?"

"Ban sani ba."

"Ko zato?"

"Ba a biyana in yi zato. Ɗauki safar hannu, Nura zai buɗe maka baki. Me za ka fara tambayarsa?"

Ya yi ɗan tunani. "Ko ya sha shayi."

"Kafin wannan."

"Ko akwai ɗan ubansa a ɗakin."

"Da ƙarfi za ka tambaya, kowa ya ji, ko fom ya ce me."

Agali ya haɗa takardarsa da wadda na rubuta ya ba wani mai tafiya Agadas a ƙarshen 2013. Daga baya ya gaya mini an karanta su a gaban dangi, wasu sun yarda, wasu sun ce ina hatimi. Tsohuwar ta je sunan wata jikarta a farkon 2014, ta rasu kafin azumin shekarar. Sidi ya koma gida wajen zaman makoki, bai dawo Masar ba, bai kuma sake kirana ba. Ba a ji ɗuriyar Hamadi ba. Asabar da ta biyo bayan zamanmu na ofis, Kabiru kaɗai ya dawo, shi ne ya karɓi aikin a hannuna.